Zomayen yayana sun tsufa, ba mai ɗaukarsu

Anti, barka da aiki. Yayana ya rasu bara ya bar zomaye biyu, namiji da mace, Toka da Auduga. Shekararsu bakwai-bakwai, tare suka tashi, kuma a ɗaki suke zaune da shi kamar yadda ake zama da kyanwa. Na ɗauke su na riƙe wata takwas, sai asmar ɗana ta riƙa tashi ba ƙaƙƙautawa, har likita ya yi gwaji ya ce gashin zomo ne da ƙurar ciyawarsu. Dole na kai su wata cibiyar ceton dabbobi. Yau wata biyar ke nan suna can. Ƙanana na zuwa a ɗauke su cikin mako biyu, nawa ko tambayarsu ba a yi. Wata ma'aikaciyar wurin ta ce in an raba su za a fi saurin samun mai so. Ƙawata kuma ta ce mu rage musu shekaru mu ce uku, tunda ba mai gane shekarun zomo. Ba na barci, Anti. Akwai mai ɗaukar tsohon zomo kuwa? Ko dai na ci amanar yayana ne?

Ƙanwa mai damuwa

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ɗanki lafiya mai ɗorewa. Tambayarki ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce ke hana ki barci. Ba ki ci amana ba. Numfashin yaro ba a ciniki a kansa, kuma da yayanki na raye ya ga ɗan ƙanwarsa yana haki cikin dare, da hannunsa zai kwashe zomayen. Masu cin amanar zomo su ne waɗanda ke kai shi bakin daji su buɗe kwali su juya, wai ai dabba ce, za ta nemi abincinta. Zomon da ya tashi a ɗaki bai san maɓoya ba, launinsa ma tona masa asiri yake yi, kwana kaɗan kare ko shaho ko yunwa su gama da shi. Ke kuwa kin riƙe su iya ƙarfinki, kin nema musu inda ake ciyar da su, har yau kina bin sawunsu.

To, akwai mai ɗaukar tsohon zomo? Akwai, ni ma ina cikinsu. Amma ba zan rufe ki ba, jiransu ya fi na ƙanana tsawo, kuma wata biyar ba wani dogon zama ba ne ga masu shekara bakwai. Cibiyoyin ceto cike suke maƙil. A Biritaniya kaɗai, ƙungiyar Rabbit Welfare Association and Fund ta ƙiyasta a 2012 cewa zomaye kusan 67,000 ake kaiwa irin waɗannan wurare duk shekara. A Amurka kuma, in an cire kare da kyanwa, zomo ne dabbar da aka fi kaiwa a ajiye. Cikin wannan cunkoso naki suna ɗauke da kaya biyu: ga shekaru, ga su biyu a haɗe. In kuma Auduga fara ce mai jan ido, kamar yadda sunanta ya sa na zata, kayan sun zama uku, don masu aikin ceto sun daɗe suna kukan yadda mutane ke tsallake irin waɗannan, alhali ba abin da ke damunsu sai rashin launi a jiki.

Ki daina auna naki da ƙananan da ake kwashewa cikin mako biyu. Fita da wuri daban, samun gida daban. Ɗan zomo ɗan wata biyu ɗan dunƙulen gashi ne, a ɗauke shi ya lafe a tafin hannu, kowa ya gani ya so. Daga wata uku zuwa shida sai balaga ta zo: namiji ya fara fesa fitsari a bango, mace ta fara gurnani tana kai cizo in an sa hannu a wurinta, dukansu su bi wayar lantarki da ƙafar kujera suna gaigaya. Yaron da aka kawo wa ya gaji, uwar ta gaji, sai a mayar. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika cibiyoyin nan, da ɗoki aka ɗauke su, da haushi aka dawo da su. Wanda ya shigo neman ɗan dunƙulen nan ba zai waiwayi Toka ba, kuma gara da bai waiwaya ba.

Mai ɗaukar tsoho mutum ne daban, ba kuma kasafai yake yawo cibiya-cibiya ba. Galibi ya taɓa riƙe zomo, ya sha wahalar ƙuruciyarsa sau ɗaya, ba ya son maimaitawa. Ko dattijuwa ce da ta yi lissafi ta ga ba za ta ɗauki alkawarin shekara goma sha biyu ba, amma za ta iya na uku ko huɗu. Ko ma'aikaci ne da ke wuni a waje, yana son biyu da za su ɗebe wa juna kewa har ya dawo. Abin da waɗannan ke nema naki suna da shi: halinsu ya zauna, abin da aka gani yau shi za a gani gobe, sun san wurin yin kashi da fitsari, sun saba da takun mutum da muryarsa. Irin waɗannan mutane ba su da yawa, amma ke gida ɗaya tak kike nema.

Batun raba su, ma'aikaciyar nan ba ƙarya ta yi miki ba. Ƙofar da ta fi buɗewa ga tsohon zomo ita ce gidan da wani tsohon zomo ya rasa abokin zamansa, mai gidan ya zo nema masa sa'ansa, don ba a haɗa tsoho mai ciwon baya da matashin da zai wuni yana bin sa yana hawa. Irin wannan gida guda ɗaya yake buƙata. Lissafinta daidai ne. Duk da haka ina roƙonki ki ce a'a, ki kuma sa a rubuta a takardarsu cewa tare za su tafi.

Ga dalilina. Na taɓa karɓar wasu biyu suna da shekara shida. Idon macen na hagu yana zubar da ruwa, kamar yadda yakan faru da tsofaffin zomaye in saiwar haƙori ta danne hanyar hawaye. Kullum da yamma sai ta zo ta cusa kanta ƙarƙashin haɓar namijin ta yi lamo, shi kuma ya dinga lasar gefen idon nan a hankali har gashin ya kwanta. Ina goge mata da ƙyalle mai laushi da ruwan ɗumi, amma nasa ya fi tafiya daidai, kuma nasa take zuwa nema da kanta. In ya gama sai su miƙe ƙafafu gefe da gefe, in kin kasa kunne ki ji ɗan ƙas-ƙas na haƙoransu, wanda shi ne alamar jin daɗi a wurin zomo. Ranar da aka kwantar da shi a asibitin dabbobi, kwana ɗaya tak, ko ɗanɗana ciyawa ba ta yi ba. Daga ranar ban ƙara kai ɗaya na bar ɗaya ba.

Ƙin cin abinci kuwa a wurin zomo ba wasa ba ne. Hanjinsa sai yana motsi dare da rana. In ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, sai a garzaya wurin likita, don hanjin na iya tsayawa, iska ta cika ciki, ga shi zomo ba ya amai. Toka da Auduga sun rasa mutumin da suka sani, sun sauya wuri sau biyu a jere. Abu ɗaya da bai sauya musu ba shi ne junansu. Haɗa zomo da baƙon zomo kuma ba shi da tabbas: sai an kai su wurin da ba na kowa ba a cikinsu, a yi ta gadi kwanaki ko makonni, wani lokaci a ƙare da yagaggen kunne a raba. A fasa zaman shekara bakwai don a gwada sa'a sau biyu, ban ga riba ba.

Shawarar ƙawarki, na san tausayi ne ya kawo ta. Gaskiya ne cewa da zarar zomo ya gama girma, ko likita sai dai ya yi kirdado, don haƙoransa 28 ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba ma kusan milimita 2 suke ƙaruwa duk mako, suna tsiro suna gogewa, ba a karanta shekaru a jikinsu yadda ake yi wa doki. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wannan ƙarya zomayen za ta fara cuta. Wanda aka ce wa shekararsu uku, in ya ga Toka ya daina hawa kujera zai ce lalaci ne, ba zai kawo amosanin gaɓɓai a ransa ba. In ya ga Auduga tana yawan shan ruwa zai ce zafi ne, alhali mai yiwuwa ƙoda ce ta fara gajiya. Likitan da zai sa su barci don gyaran haƙori, a kan shekarun da aka faɗa masa zai yi shirinsa. In ɗaya ya mutu bayan shekara biyu, mutumin nan zai zauna yana tuhumar kansa, irin tuhumar da kike yi wa kanki yanzu. Sannan ki lura da wannan: da kin ce uku, kin jefa su cikin tarin matasan zomaye marasa iyaka, kin ɓoye su daga idon masu neman tsofaffi da gangan. Da shekarun nan mai rabonsu zai gane su.

Bakwai ma ba bakin kabari ba ne. Zomon gida da ke samun kulawa yakan yi shekara 8 zuwa 12, ƙananan iri sun fi daɗewa, ƙattin nan masu nauyin kilo shida ko bakwai su ne ke tsufa da wuri. Wanda kundin Guinness ya rubuta a matsayin mafi daɗewa wani zomon daji ne da aka kama a Tasmaniya a 1964, ya yi shekara 18 da kusan wata 11 a hannun mai shi. Ban ce naki za su kai can ba, amma ƙarin shekara biyu, uku, huɗu cikin ƙoshin lafiya abu ne da ake gani kullum.

Tsoro iri biyu ne ke korar mutane daga tsohon zomo, na kuɗin asibiti da na mutuwa. Na biyun ba ki da maganinsa. Na farkon kuwa kina da abin yi a kai, nan nake so ki zuba ƙarfinki. Ki nemi izinin cibiyar a kai su wurin likitan da ya san zomo, don ba kowane likitan kare da kyanwa ne ya san shi ba. Akwai maganin da ke warkar da kare ya kashe zomo, kamar amoksisilin in an ba shi ta baki. A leƙa turamen haƙoransu na can ciki, don nan ne tsini ke fitowa ya yanki harshe ko kumatu. A auna nauyinsu, a taɓa ƙashin baya da ƙugu, a duba tafin ƙafafun baya, tunda zomo ba shi da tsokar tafi irin ta kare, gashi ne kawai tsakaninsa da ƙasa. A ɗebi jini a ga lafiyar ƙoda. Duk abin da aka samu a rubuta, mai daɗi da marar daɗi. Mutum ya fi saurin yarda in an ce masa "yana da ciwon gaɓɓai, ga maganin da yake sha kullum" a kan a ce masa "tsoho ne" a yi shiru.

Wani abu a wasiƙarki ya sa na tsaya. Namiji da mace sun yi shekara bakwai tare ba ki ambaci haihuwa ba, alhali cikin zomanya kwana 31 ne kacal, kuma tana iya ɗaukar wani a ranar da ta haihu. Ke nan da alama an yi wa aƙalla ɗayansu aiki. Ki binciko takardun yayanki ki ga wanne. In Toka kaɗai aka fiɗiye, Auduga tana nan da mahaifarta, kuma sankarar mahaifa ita ce ciwon dajin da ya fi kama zomanya. A wasu irin, fiye da rabin waɗanda suka haura shekara huɗu ba a cire musu ba sukan kamu. In an ga jini a fitsari ko rama ba dalili, kada a jira. Ko za a yi mata aiki a wannan shekaru, likita ne zai auna, don sa zomo barci ya fi na kare da kyanwa haɗari: wani babban bincike na Biritaniya da aka buga a 2008 ya samu mutuwar kusan zomo 1 cikin 72, a kare kuwa kusan 1 cikin 600. In kuma an riga an cire mata, ki sa a rubuta da manyan baƙi, don tambayar da masu sanin zomo ke fara yi ke nan. A duba batun rigakafin cutar zomaye ta miksomatosis da na cutar zubar jini da ake kira RHD, inda ake samun allurar. Sabon nau'in RHD da ya ɓulla a Faransa a 2010 ya bazu ƙasashe da dama, yakan kashe ba tare da wata alama ba, kuma inda aka tara zomaye da yawa ya fi ko'ina haɗari.

Ki kuma tambaye su ko suna bayar da riƙo na dindindin, wato mutum ya tafi da zomayen gidansa ya ciyar ya kula, amma suna nan a hannun cibiyar, ita ke da nauyin asibiti. Ƙungiyar House Rabbit Society da aka kafa a Kalifoniya a 1988 da riƙo ta fara, 'yan sa-kai suna kwaso zomayen da za a kashe a matsugunan dabbobi suna ajiye su a gidajensu. Ga tsofaffi biyu irin naki, wannan hanya ta fi kowace faɗi, don akwai masu wuri da lokaci da zuciya, aljihu ne kawai ke ja musu birki. Asmar ɗanki ta hana ki zama da su, amma ba ta hana ki ɗaukar wani kaso na kuɗin maganinsu ba. In da hali, ki faɗi abin da za ki iya ɗorewa a kai, komai ƙanƙantarsa, a rubuta.

Aikin da ba mai iya yi sai ke shi ne ba da labarinsu. Zomo dabbar asuba da magariba ce, masu ziyara kuwa da rana tsaka suke zuwa, lokacin da tsoho ya dunƙule a lungun keji kamar marar lafiya. Ba mai ganin halinsa a haka. Ki je da yamma a fito da su fili, ki kwanta a ƙasa daidai idonsu ki ɗauki hoto, ki ɗauki ɗan bidiyo lokacin da ɗaya ke lasar ɗaya. Ki rubuta 'yan layuka: wa ya rene su, me ya raba su da gida, wanne ke fara zuwa in an kira, wanne ke buga ƙafa in ya ji baƙuwar ƙara. Ki faɗa a fili cewa ba laifi suka yi aka kawo su ba. Sai ki kai takardar asibitocin dabbobi, don likita da ma'aikatansa sun san wanda ya binne zomonsa watan jiya, faranti da ciyawa na nan a ɗakinsa ba mai ci. Ki sa a zaurukan masu riƙon zomo na Facebook. Amma duk mai so, ta hannun cibiyar zai bi. Kada ki taɓa rubuta "kyauta ga mai so", don cikin masu amsa irin wannan kira akwai mai neman abincin macijinsa da mai neman abin yankawa.

Wanda ya fito, a tambaye shi ba kunya. Ina za su zauna? Ƙungiyar nan ta Biritaniya, Rabbit Welfare Association and Fund, tana ba da shawarar fili mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, da mita 1 zuwa sama ga zomaye biyu, tsoho kuma sai an shimfiɗa masa abin da ƙafarsa ba za ta zame ba, a rage tsayin bakin abin da yake shiga ya yi kashi. Zai iya duba ƙasan wutsiyarsu kullum? Zomo yana da wani kashi mai laushi da yake lanƙwasawa ya ci kai tsaye daga jikinsa, don nan yake samun wasu sinadaran da hanjinsa ya sarrafa. In baya ya sage ya kasa kaiwa, kashin ya manne a gashi, ƙuda ya yi ƙwai, lokacin zafi cikin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama. Wanda ya ji wannan bai yamutsa fuska ba, ya ce a nuna masa yadda ake wankewa, shi ne mutuminki.

Saura tambaya ɗaya mai nauyi, ki yi wa cibiyar ita a wannan makon: in shekara ta zagayo ba a ɗauke su ba, me za su yi? Wasu cibiyoyin suna riƙewa har ƙarshen rai, wasu in wuri ya ƙure sukan yi allurar mutuwa. Ki ji da kunnenki, ki sa a rubuta cewa ke za a fara kira kafin a yanke komai. In masu riƙewa ne, kuma akwai filin tsalle da busasshiyar ciyawa wadatacciya da likita, to ko da ba a ɗauke su ba, ba a wulaƙanci suke ba muddin suna tare. Ranar da ɗaya ya riga ɗaya, a bar mai ran da gawar na 'yan awanni ya sunsuna ya gane, kada ya yi ta nema, a kuma sa ido kan cinsa. A lokacin ne ƙofar da ma'aikaciyar ta faɗa miki za ta yi amfani, a nema masa wani tsohon da ya rasa nasa.

Ki riƙa zuwa ganinsu. Ki ware tufafin zuwa can, in kin dawo ki sauya, ki wanke hannu da fuska kafin ki rungumi ɗanki. Wannan karon ki tafi da takarda da biro, ki zauna a ƙasa kusa da su, ki fara rubuta abin da kika ga yayanki yana yi musu da yamma, da inda Toka ya fi so a shafa shi.